Ɓerayen Peckham da Waƙar Uwaisu

Peckham, Landan
14 ga Nuwamba, 1976

Zuwa ga Yaya Zinatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigida da yara. Yaya ƙafar Baba? Mu nan lafiya lau, sai sanyi. Maigidana yana fama da karatun injiniya, in ya fita da safe sai magariba.

Yaya, ɓeraye sun shigo mana flat, wato ɗakunan da muke haya. Sun huda ledar shinkafa, sun gwaguye daddawar da kika aiko. Mai gidan, wata tsohuwar Baturiya, ta ce ƙamshin girkina ne ya jawo su, kuma in ba su ƙare ba kafin sabuwar shekara mu nemi wani wuri. Samun ɗaki a garin nan ga baƙar fata mai ƙaramar yarinya ba wasa ba ne. Ta ba ni tarko da guba. Gubar na mayar mata, don 'yata Sakinatu duk abin da ta tsinta baki take kaiwa.

Jiya da hantsi tarkon ya kama ɗaya. Bai mutu ba, ƙafar baya ce ta karye, yana ta jan ciki. Ɗan mitsitsi, bai kai rabin namu na Funtuwa ba. Dole na ƙarasa shi, Sakinatu tana kallo tana kuka. Na goya ta ina zagaya ɗakin, sai na ji bakina yana waƙar shirmen nan da marigayi Yaya Uwaisu ya ƙaga mana muna yara:

Ɓera ya sa hula, ya je ɗaurin aure,
Ya cinye goro, ya ce shi ba haƙora.

Nan na tsaya cik. Sauran ya ɓace mini. Ina ganin Yaya Uwaisu a zuciyata yana riƙe da kunnuwansa yana tsalle, Goggo ta biyo mu da muciya, amma kalmomin sun ƙi zuwa. Don Allah ki rubuto mini ƙarshenta.

Ki gaishe da kowa da kowa.

Ƙanwarki,
Saudatu

Peckham, Landan
9 ga Janairu, 1977

Yayata,

Sallama da gaisuwa. Wasiƙarki ta iso, na yi murna Baba ya fara takawa har masallaci.

Kin ce ke ma iyakar abin da kika riƙe ke nan, Goggo kuwa dariya kawai ta yi ta share ido. Ashe Yaya Uwaisu ya tafi da sauran bakin daga, inda ya rasu. Kwana biyu na yi ban iya sakewa ba. Allah ya jiƙansa.

Ban ƙara ɗana tarkon ba. Maƙwabciyata Luba, matar wani likita ɗan Zariya, ta koya mini dabara: bokiti mai zurfi, a zuba garin ƙuli-ƙuli a ciki, a jingina masa katako. Su hau, su faɗa, su kasa fita. Sai in juye su a gwangwanin madara da na huhhuda wa murfi, mu hau bas da Sakinatu zuwa babban filin shaƙatawa, mu sake su a gindin shinge. Wata rana kwandasta ya ji motsi ya tambayi abin da ke ciki. Na gaya masa gaskiya. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce su ba sai sun biya ba.

Bakwai muka kai. Na toshe ramukan da soson ƙarfe, Baturiya ta zo ta duba ta ce mu zauna. Maigida yana ta tsokanata, wai gwamnati ta turo shi karatu, ni kuma ina kai ɓeraye yawo. Sakinatu, wadda in na yi mata Hausa take amsawa da Turanci, yanzu wuni take tana rera baitin nan biyu, tana ce wa ɓera "bera". Ban gyara mata ba.

Kin ce Baba zai rushe tsohon sashe ya yi na siminti da kwano kamar na maƙwabta, har da rumbun Goggo inda muke taruwa. Ba zan ce kada a yi ba, ya daɗe yana so. Roƙona ɗaya ne, ki gaya masa a keɓe, kada ya ce Turai ta taɓa mini kai: a kwashe hatsin, a bar rumbun a buɗe kwana ɗaya kafin magina su zo, ɓerayen ciki su samu su fita.

Ki gaishe mini da Baba da Goggo.

Taki har kullum,
Saudatu