Ƙarfe ko Fitila

Damagaram, unguwar Birni
Farkon watan Rajab

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Zuwa ga Malam, gaisuwa mai yawa da girmamawa da fatan alheri. Ina fata takardar nan ta same ka cikin sauƙi. Yaya ƙafar? Me lokotoro ya ce a asibiti? Yaya Alhaji Mai Nasara da iyalinsa da suke ɗawainiya da kai a Yamai? Allah ya saka musu. Mu nan lafiya lau, sai kewa.

Bayan haka, na rubuto ne don waya ba ta da sirri a gidan nan. Duk sa'ad da ka kira, kowa sai ya tuna yana da aiki a bakin ɗakina. Ajami kuwa daga ni sai kai.

Zancen motar nan ne, a-kori-kurar da aka saya da gadona na gonar Baba, wadda ɗanka yake tuƙawa. Ka tuna ka ce kada a taɓa ko ƙusa a jikinta sai da yardata. To, ɗan naka ya riƙe maganar. Shekaranjiya matarsa Wasila ta shigo da waya ta nuna mini hoto biyu. Ɗaya jerin fitilu ne, dogo kamar taɓarya, da ake ɗorawa bisa rufin mota. Ɗayan ƙarfe ne mai kauri, lanƙwasasshe, da ake kafawa a bayan kan motar, ya tsaya kamar ƙofar zaure. Ta ce wai ƙarfinsa bana na sayen ɗaya ne, in zaɓa. Tana faɗi idonta a ƙasa, ni ma nawa a ƙasa. Na ce na ji.

Malam, abokin nan nasa Abdulaziz ya dawo daga Jado, wajen haƙar zinariya. Tun dawowarsa kullum suna zaure, murya ƙasa-ƙasa, in na gitta su koma zancen ƙwallo. Ni ba yarinya ba ce. Wa ke buƙatar fitila mai haske kamar rana in ba mai shiga hamada ba? Ƙarfen kuwa na san irinsa, ina gani a motocin kasuwar Mirriya ranar Lahadi, mata na riƙe da shi, an ɗaure kwanduna a jiki. Fitila tafiya ce, ƙarfe zama ne. Haka na karanta abin.

Ka san ba zan iya kiransa in tambaye shi ba. Ɗan fari ne. Tun da aka kai shi yaye wurin kakarsa ban taɓa kama sunansa ba, ban zauna tabarma ɗaya da shi ba. In ya gaishe ni daga bakin ƙofa, ina duban tukunya nake amsawa. Yau ne zan fito in ce masa kada ya tafi, ina jin tsoro? Bakina ba zai iya ba.

Ga tambayata, kai ne malami. In na zaɓi ƙarfen ban faɗi dalilina ba, na yi ha'inci? An ba ni amanar zaɓe don amfanin mota, ni kuma zan zaɓa don kwanciyar raina. Abin nan ya hana ni zama wuri ɗaya. Jiya ina biya wa matan unguwa karatu, sai na tsinci kaina cikin wata sura dabam, har sai da ɗaliba ta gyara mini. Na ji kunya ba kaɗan ba.

Ka amsa mini da wuri don Allah. A gaida kowa da kowa. Haza wassalam.

Ni ce taka,
Hasana

*

Damagaram
Ƙarshen Rajab

Da sunan Allah mai rahama.

Malam, ina gaisuwa, ina ƙara gaisuwa. Yaya jiki? Na ji an ce ka fara takawa da sanda, alhamdu lillahi. Kada ka yi gaggawa, na san halinka. Yaya mutanen gidan?

Takardarka ta iso. Ka ce nufin uwa ga ɗanta ba ha'inci ba ne, kuma kai ba ka san kan mota ba, in yi istihara in zaɓa. Na yi, ban ga komai ba, sai dai zuciyata ta tsaya inda take. Na kira Wasila na ce ƙarfen. Ta ɗago kai ta dube ni, abin da ba ta saba ba, ta tambaya ko na tabbata. Na ce na tabbata. Ta fita ta bar wayarta a kan tabarmata, sai da na aika mata.

Bayan magariba shi kuma ya zo ya tsugunna a bakin ƙofa. Ya gaishe ni. Sannan ya yi godiya, godiya mai tsawo, ya ce in sa shi cikin addu'a. Na ce Allah ya yi albarka, kamar kullum. Na yi zaton zan ji fushi cikin muryarsa, ban ji ba. Na ce a raina, yaro mai biyayya, an hana shi abin da yake so yana godiya.

Ranar Laraba na je ta'aziyya Sabon Gari. Hanyar ba ta bi ta garaji ba, ni na bi da ita. Na tsaya nesa kamar mai gyara takalmi. Ga motar, ga mai walda a kanta wuta na tartsatsi. Ƙarfen ya fi na motocin Mirriya kauri, kuma na ga ana liƙa masa ƙugiyoyi a gefe da gefe. Na ce a raina na kwanduna ne.

To Malam, ya kamata in samu natsuwa, amma ban samu ba. Wasila ta daina cin abinci tare da ni, ta ce ba ta jin yunwa. Amma tana wuni a gindin turmi tana daka gumba, ta soya ƙuli-ƙuli kwano guda, ta yi dambun nama, ga shi ba biki ba suna. Na ga sabon bargo a kan igiya. Abdulaziz, wanda na ɗauka zai riƙe ni a zuciya, shi ya aiko mini da dabino, ya tsaya daga zaure yana gaishe ni da murya sama kamar na ba shi mata. In tambaya, in ce me? Na shiga ɗaki na fito, na sake shiga. Tulun da na cika da safe na sake zuba masa ruwa har ya malala.

Wataƙila shaiɗan ne ke wasa da ni. Ka taya ni da addu'a. A gaida Alhaji da uwargida.

Taka,
Hasana

*

Damagaram
Sha'aban

Bismillahi.

Malam, gaisuwa da fatan sauƙi. Yaya ƙafa, yaya masu jinya? Ka gafarce ni, gaisuwar yau gajeruwa ce.

Ya tafi. Jiya da hantsi, shi da Abdulaziz, sun nufi Agadas, daga can Jado.

Shekaranjiya bayan la'asar na iske Wasila a madafa tana ɗaure gumba tana kuka. Na tsaya a kanta har ta yi magana. Malam, a juye na karanta abin. Wai masu lambun Mirriya ne suka nemi ya riƙa kwaso musu kayan miya kafin asuba, hanyar kuwa cike take da amalanken shanu marasa fitila, shi ya sa yake son jerin fitilun. Su ne na zama. Masu shiga hamada, in ji ta, sau da yawa ma kashe fitila suke don kada a hango su daga nesa. Ƙarfen shi ne nasu. Shi ke tare mutum in mota ta kife a tudun rairayi, ƙugiyoyin kuma na rataye bido ne, wato jarkokin ruwa da na isansi, man mota. Ta ce yaron tasha ma ya san wannan, ba su taɓa zaton ban sani ba.

Ɗan naka shi ma bai iya tunkarata da maganar ba. Zuciyarsa ta rabu biyu, sai ya ce da matarsa a kai wa Inna hoto, in ta zaɓi fitila ya zauna, in ta zaɓi ƙarfe ta sallame shi ke nan. Wasila kuwa tana ta jin zafina a ɓoye, tana cewa wace irin uwa ce wannan. Da na yi tambaya ɗaya tak! Ita ma da ta yi mini kalma ɗaya. Duk mun kame baki don ladabi.

Na ce da safe zan faɗa masa, kunya ta yi abin da za ta yi. Ya zo ya tsugunna, na ajiye abin da ke hannuna, na juyo na dube shi sosai. Ashe har furfura ta fara fito masa a gemu, ban sani ba. Kafin in buɗe baki ya riga ni. Ya ce da ban sake shi da hannuna ba da bai iya tafiya ba, yanzu kuwa ba ya tsoron komai a hanyar nan. Fuskarsa kamar ta ranar salla. An riga an loda kayan mutane, ya ba da alkawari. Na duba na ga in na yi magana, tafiyar dai zai yi, sai dai ya tafi da rabin zuciya, ita kuwa hanyar nan ba a bin ta da rabin zuciya. Sai na sa masa albarka. Wannan karon na san abin da nake sa wa albarka, kuma ban yi ƙarya ba.

Da za su tashi na sa hijabi na fita har ƙofar gida. Maƙwabta na tsaye, maza da mata. Na je na kama ƙarfen da hannu biyu na jijjiga shi iyakar ƙarfina, na zaga ɗaya gefen na sake jijjigawa. Wasu sun yi dariya, ban damu ba. Bai motsa ba, Malam. An yi waldar da kyau.

Roƙona ɗaya. In ya kira ka daga Agadas, kada ka gaya masa kome daga abin da ke cikin takardun nan. Na riga na roƙi Wasila, ta yi alkawari. Ka bar shi da abin da ya tafi da shi.

Ka tambayar mini Alhaji Mai Nasara, tunda ya san mutanen arewa, ko waya na kamawa bayan an wuce Agadas.

Allah ya ba ka lafiya, ya tsare matafiya. Wassalam.

Ni ce,
Hasana