Allon Ɗan'azumi

Da sunan Allah nake farawa, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Daga yayanka Illa a Matameye, zuwa ga ƙanena Muntaka a Agadas, gaisuwa mai yawa da so da bege. Ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da iyalinka da duk wanda yake cin tuwo a gidanka.

Yau Juma'a ce, bazara ta kai ƙarshe, kullum hadari yana haɗuwa a gabas ya watse bai zubar ba. Jikina sai godiya. Tarin nan bai sake ni ba, ƙafafu sun kumbura har takalmi ya ƙi shiga, salla ma a zaune nake yinta. Ido kuwa na hantsi kaɗai ya rage mini, shi ya sa za ka ga baƙaƙen nan manya-manya sun karkace. Ka yi haƙuri da su.

Ɗana Ummaru har yanzu yana fatauci can hanyar Gwanja, sai saƙon baki muke samu jefi-jefi. Tun da matata Shekara ta rasu ɗakina ya yi mini faɗi, abokan hirar zaure kuma ƙasa ta rufe su ɗaya bayan ɗaya, yanzu in na yi atishawa babu mai ce mini komai sai ƙadangaru. Matar Ummaru, Baiwa, ita ke riƙe da ni, Allah Ya saka mata. 'Ya'yanta uku, Rabi'u da Mariyama da ƙaramar da aka sa wa sunan mahaifiyarmu, muna kiranta Uwa. Saboda Uwar nan na ɗauki alƙalami.

Bara da agana ta ratsa unguwa, malamin yara ya kwashe iyalinsa ya koma Kance. Baiwa ta ce ita ba ta tura 'ya'yanta ko'ina, ga malami kwance a zaure yana korar ƙuda. Na ce mata karatuna ya tsufa, tun ina saurayi na rataye shi na kama garma. Ta ce ai da tsohuwar zuma ake magani. Haka muka buɗe makaranta a gida. Ita ke kankaro baƙin tukunya ta dama da ƙaro ta yi mana tawada, ni in fiƙe alƙalami da karan gamba, in an sha kunu a shimfiɗa tabarma a zaure. Rabi'u ya shiga farfaru, yana haɗa baƙi da wasali, amma idonsa na kan ƙofa, wai tsumagiyata kafin ta sauka ya je rijiya ya dawo. Mariyama kuwa duk abin da ya fito bakina sai ta maimaita, har tarin da ke katse ni a tsakiyar aya, ta ɗauka cikin karatun yake. Ranar da na gane haka na yi dariya har Baiwa ta kawo mini ruwa. Uwa ba ta isa karatu ba, amma ba ta yarda a bar ta. Sai ta jawo sakaina ta zauna tana zane da yatsa, tana ce mini tsohon miji marowaci, kowa na ba shi allo ban da amarya.

Masassaƙinmu ya tafi Yauri bai dawo ba, kukan yarinya kuma ya ishe ni. Sai na tuna da ƙunshin nan na fatar akuya da Inna ta rataye a azarar ɗakinta, wanda ko lokacin da aka sake yaɓe ba ta bari an taɓa ba. Na sa Baiwa ta sauko da shi. Allon ƙanenmu Ɗan'azumi ne, na itacen aduwa, ko gara ba ta taɓa shi ba. Rubutun Baba yana nan a jiki, ya koɗe amma yana karantuwa, ya cika rabin allo ya tsaya a tsakiyar layi. Na daɗe ina kallon hannun Baba. Ka san ƙa'ida, ba a wanke allo sai mai shi ya biya karatunsa malam ya ce masa ya wanke. Ni dai na ga mai shi ya daɗe a ƙasa, sai na wanke a ƙoƙo. Baiwa ta ce ruwan rubutun kakan uba ba na zubarwa ba ne, a ba Uwa ta sha ta samu albarka. Na ce to. Ta shanye, ta lashe baki, ta ce da ɗaci.

Kwanakin farko ba mu ga komai ba. Na rubuta mata baƙaƙen farko, ta rungume allo tana yawo da shi har wurin awaki. Sai wata rana da rana tsaka, lokacin da ko kaza ba ta motsi, ina kishingiɗe a zaure, na ji ana karatu a bayana. Na ɗauka Rabi'u ne Allah Ya shirya. Da na juya sai na ga Uwa, ta bar tabarma ta koma gefen hagu na ƙofa, inda bango ya ɗan lotsa, ta tanƙwashe ƙafa, ta karkatar da kai gefe guda. Abin da na wanke take biyawa, tiryan-tiryan, da irin jan muryar Baba, yarinyar da ba ta rarrabe baƙi biyu ba. Ta zo daidai inda rubutun ya tsaya, ita ma ta tsaya. Ta koma farko. Ta sake tsayawa a nan. Sannan ta miƙo mini allon da hannu biyu, ta ce Yaya Zabo, a yi mata ƙari.

Muntaka, wa ya rage a duniya da ya san sunan nan in ba kai ba? Shekara ma ta zauna da ni har ta koma ga Allah ba ta taɓa jinsa ba. Ɗan'azumi ne ya laƙa mini shi saboda 'yar rigata mai ɗigo-ɗigo, shi kaɗai kuma yake haɗa shi da Yaya.

Tun ranar haka muke. Da safe Uwarmu ce, tana tsokanata tana satar mini goro. Da inuwa ta dawo ƙarƙashin ƙafa sai ta ɗauki allo ta koma gurbin nan. Rabi'u da Mariyama ba wanda ya ce musu komai, amma sun daina zama kusa da ƙofa, kuma in ta fara sai su sunkuyar da kai kamar babba ya shigo. Na ɓoye allon a rumbu, ta zauna hannu a buɗe kamar tana riƙe da shi, ta yi karatunta. Na mayar mata. Abinci ya ragu, wuyanta ya fito, awarwaron hannunta yana zamewa har gwiwar hannu. Shekaranjiya Mariyama ta tambaye ta me ya hana ta zuwa wasan 'yar tsana, ta ce Baba bai sallame ta ba tukuna. Baiwa ta ce mata ai babanta yana Gwanja. Ta dube ta kamar ba ta san ta ba, ta ce ba wannan ba. Jiya kuma ta tambaye ni ina Muntaka ya tsaya, tare aka rubuta musu, shi ya tashi ya bar ta.

Na yi karatu daidai gwargwado, na san wanda ya tafi ba ya dawowa, kuma ina neman tsarin Allah daga zaton banza. Amma ka tuna Baba yakan hana mu miƙe ƙafa a wurin karatu, ya ce ba mu kaɗai ne ke zaune ba, akwai bayin Allah da ba a gani masu son saurare. Ko ɗayansu ne ya zauna kusa da Ɗan'azumi, aka yanke masa karatu a tsakiya, yake jira tun lokacin? Allah ne masani. Ruwa dai ba ya tsami banza.

Baiwa ta durƙusa gabana tana kuka, ta ce mini baƙon da ya zo karɓar abu a ba shi ya tafi, in ƙarasa rubutun kawai. Na san abin da ke biye, hannuna zai iya. Abin da ya hana ni shi ne, yaro in ya biya karatunsa aka sallame shi, tashi yake ya fita. In na ƙarasa na ce a tashi, ban san ko shi kaɗai zai tashi ba. In kuma na ƙi, ga yarinya tana narkewa a gabana. Ban iya faɗa wa uwarta wannan ba, sai na ce mata ido ne ya hana.

Ga abin da nake roƙonka. Lokacin da Ɗan'azumi ya rasu ina gabas wajen karatu, na dawo na tarar da kabari, Inna kuma har ta mutu ba ta yarda an ɗauko zancen ba. Kai kana nan, kuna kan sura ɗaya. Me ya ɗaga hannun Baba a tsakiyar layi, shi da ko gobara ba ta sa shi ya bar layi a buɗe? Me ya sa ba a ba ka allon ba, alhali a gidanmu allo daga hannu zuwa hannu yake tafiya, aka naɗe shi a fata aka rataye? In Baba ya faɗi wani abu a kansa, ka gaya mini ko da mai ɗaci ne. In jikinka zai ɗauki raƙumi, ka biyo ayarin gishiri ka zo da kanka, zumunta a ƙafa take. In ba zai ɗauka ba, ka rubuto. Kafin nan na aika wa Malam Safi na Kurni, wanda ya ɗauki karatu wurin Baba yana yaro, ko ya san abin da ban sani ba. Ya aiko cewa yau zai zo ya yi Juma'a a nan ya duba ta. Baiwa ta share zaure tun da sassafe, ta dama fura.

Ka gaishe mini da uwargidanka A'ishatu da jikinta, da 'yarka Fadima da maigidanta, da ɗanka Aƙilu, ka ce masa ina jin labarin ƙoƙarinsa. Baiwa tana gaishe ku, Rabi'u ya ce a tuna maka da dabino. Ku sa Uwa cikin addu'a. Allah Ya haɗa fuskokinmu da alheri. Wassalam, yayanka Illa.

Na buɗe takardar in ƙara wannan da lalube, don Buzun da zai kai maka ya ce da asuba za su ɗaura kaya. La'asar ta yi sanyi, an watse daga masallaci tuntuni, Malam Safi bai zo ba, bai kuma aiko ba. Furar tana nan a rufe. Uwa ba ta tashi daga bakin ƙofa ba yau, ko ruwa ta ƙi. Gobe Asabar, allo zai koma hannu, ba ni da sauran abin da zan ce wa Baiwa. Na yanke shawara zan yi ƙarin, amma kalma ɗaya tak a yini, in ce sai ta ci abinci za a biya mata, kuma ba zan ce a tashi ba. Surar tana da ɗan tsawo. In na yi a hankali za ta kai mu kaka, in Allah Ya ara mini numfashin. Kada ka yi nawa, Muntaka.