Kaza Ba Ta Ɓuya Ba

Jajaye,
10 ga Mayu, 1972.

Zuwa ga jikana, mijina na boko, Ƙasimu.

Gaisuwa mai yawa. Ina fata kana lafiya, kai da karatu da malamanku. Mu nan lafiya lau, in ka cire zuciyata da ke tafasa.

Ka tuna da ka zo hutu, ka tara mu bayan magariba kana nuna sama da biro? Ka ce taurari ranaku ne, wuta ke ci a jikinsu, nisa ne ya mai da su ƙanana. Ka ce rana ma tauraruwa ce, kusa kawai ta fi. Ka ce hasken taurarin nan, Kaza da 'Ya'yanta, shekara ɗari huɗu yake tafe kafin ya iso Jajaye. Na yi dariya, na ƙara maka fura. Ashe bayan na tashi ka gaya wa baffanka Sulle taurari ba ruwansu da damina, ya bar jiran Kaza.

To, an yi ruwa ɗaya a watan jiya, Kaza tana nan a yamma kowa na ganinta. Sulle ya shiga rumbuna ban sani ba, ya kwashi irin geron da kakanka ya bar mini, wanda shekara goma sha ɗaya nake zaɓen zangarniyarsa da hannuna, ya shuka. Ya tsiro. Kwana ashirin ko ɗigo. Jiya na je gonar, na tarar duk ya ƙone.

Wa ya ce maka Kaza ke kawo ruwa? Allah ke kawowa. Ita agogonmu ce. Agogon hannunka shi ke kawo azahar? Amma ai kana duba shi. Kakanka bai taɓa shuka ba sai ta ɓuya.

Ƙoƙo ɗaya ya rage, wanda na ɓoye a ƙarƙashin gado, don na san halin mazan gidan nan. In shi ma ya lalace, irin ya ƙare. Kaza ta ɓuya shekaranjiya, hadari na haɗuwa. Ka nemi izini, ka hau motar Karaye ranar Asabar. Kada ka kawo mini goro ko sabulu, ba zan karɓa ba. Sungumi na jiranka. Tunda kana son taurari, zan tsayar da kai ƙarƙashin wadda ta ƙone mini gero, tun hantsi har la'asar, ku gaisa sosai.

Ka gai da abokanka.

Ni ce matarka da ba ta huce ba,
Barira.