Fatar da Haske Ke Ratsawa

Inna,

Assalamu alaikum. Yaya ƙafar taki? Yaya Iklima da yara da mutanen Jega?

Lafiya nake a nan ƙasar Sin, kada ki damu. Karatun ne ya ɗan tsaya, amma na samu aiki wurin wani dattijo mai wasan inuwa. Yana yanka 'yan siffofin mutane daga fatar saniya, ya motsa su bayan farin ƙyalle da fitila, jama'a na kallon inuwarsu. Ni kankare fatar kawai nake yi. Ki tambayar mini Malam Maccido ko da laifi a addini.

Jiya dattijon ya ɗaga fatar da na kankare, haske ya ratsa ta. Ya ce wa ya koya mini? Na ce Baba. Ya ce in kira shi a waya su gaisa. Inna, ban san yadda ake faɗin rasuwa da harshensu ba. Ya dube ni, ya ajiye fatar, ya zauna kusa da ni.

Allah ya jiƙan Baba. Wuƙarsa ta aiki, don Allah kada a ba kowa.

Ɗanki,
Waliyyu