Gaba da Layi

Litinin, 30 ga Yuli, 1956

Bismillahi. Ni ne Babban Injiniyan Lardin Berbice kaf, wanda jiragen ruwa ke yi wa hon in sun hango shi a bakin kogi. Yau na ga dama in fara rubuta tarihina saboda na baya. Da baƙaƙen Larabci nake rubutawa, daga dama zuwa hagu. Ba wai don ban iya na Turawa ba. Don 'yan leƙen asiri ne.

Da safe na sauka duba ma'aikatata da ke ƙarƙashin gida, don gidanmu a kan dogayen ginshiƙai yake. Na tarar da wani ma'aikacina, Mamu Sattaur, ƙanen mahaifiyata, yana neman magagari. Ya buɗe akwatin kayan aiki, ƙaguwa ta ɗaga masa hannu biyu tana gaisuwa. Ban san wanda ya sa ta ba. Tsallen da ya yi kuwa, ko ɗan shekara goma.

Kakata, Nani, ta bi Babban Injiniya da ludayi har bakin magudana. Za a hukunta ta.

Laraba, 1 ga Agusta

Saura mako biyu da 'yan kwanaki gasar ƙananan motoci. Mamu ba ya maganar komai sai Zanzaro.

Zanzaro ita ce motarsa. Tsawonta bai wuce takalminsa ba, injinta kamar ƙwan agwagwa, amma fistin da silinda da komai nata na gaske ne, shi ya fiƙe su ɗaya bayan ɗaya. Tana shan kananzir da man zurma da wani ruwa mai sa jiri da yake samowa wurin mai kemis. In ta tashi, gidan nan warin ranar da Nani ke ɗura mana maganin wankin ciki yake yi.

A dandamalin shanyar shinkafa ake yi, kafin a fara girbi. A kafa ƙarfe a tsakiya, a ɗaure mota da waya, ta yi ta zagaye ita kaɗai ana duba agogo. Wanda aka kayar shi ke ɗaukar motar gwani a ka, ya zaga da ita fili. Mamu ya ɗauki ta Kawu Cumberbatch, makanikin jirgin fito, har tsakiyar kansa ya yi sanƙo. Ni na ce daga nan sanƙon ya samo asali. Bai yi dariya ba.

Juma'a, 3 ga Agusta

Mamu ya dawo daga masana'antar sukari da babban yatsa a naɗe, kamar rogo. Inji ne ya cije shi. Zanzaro kuwa ba ta da kiranshaf, sandar da ke juyawa a cikin inji, tsohon ya karye bara.

Ya zauna ya daɗe yana kallon Begum. Begum ita ce injin fiƙe ƙarfensa, haka yake kiranta, yana rufe ta da zanen gado, wuƙaƙenta kuma a ƙaramin akwati mai kwaɗo. Ni aikina da ita shara da zuba mai. Na taɓa taɓa hannunta sau ɗaya, kunnena bai manta ba.

Ya ce, "Kai, biri, zo nan."

Na ce, "Da Babban Injiniya kake?"

"Kai za ka fiƙe sandar nan. Ni ne ido, kai ne hannu. Amma ka ji da kyau. Wasa ɗaya a kan Zanzaro, ɗaya tak, ka bar ƙarƙashin gidan nan. Kiwon shanu za ka koma bayan gari, Begum kuwa ko ƙurarta ba za ka ƙara sharewa ba."

Na sara masa irin ta 'yan sanda.

Talata, 7 ga Agusta

Na lalata ta farko. Na zurfafa wuƙa, sandar ta rame kamar ƙafar sauro. Mamu ya ce, "Ƙarfe ba ƙullin gurasar roti ba ne, ɗan nan. Abin da ka cire ya ciru."

Alhamis, 9 ga Agusta

Ashe haka abin yake!

Ka ɗaure guntun ƙarfe baƙi mummuna, daga tsohon gatarin mota aka yanko shi. Begum ta fara juya shi. Ka matso da wuƙa a hankali, a hankali, har ta sumbace shi. Sai ɓawo ya fara fita, siriri, yana nannaɗewa kamar gashin jariri, shuɗi-shuɗi don zafi. Ƙarƙashinsa fari tas. Ka tsaya, ka goge, ka auna. Ka ƙara cire abin da bai kai kaurin gashi ba. Ka sake aunawa.

Sai da Nani ta leƙo ta ce dal, miyar wake, ya huce na san azahar ta wuce. Ta ce, "Yau wa ya mutu? Tun safe ban ji ihun kowa ba."

Zorina, 'yar Mamu, mai zuwa makarantar mishan da farar safa, ta ce wai ina fito da harshe in ina aiki. Ƙarya take. Na zuba mata ɓawon ƙarfe a takalmi. Ba a kan Zanzaro ba ne, saboda haka bai shiga cikin sharaɗi ba.

Asabar, 11 ga Agusta

Na huda cikin sandar, ta zama kamar karan shan ruwa. Saura taga: 'yar ƙofa a gefenta, wadda mai da iska ke bi su shiga inji daidai lokacin da ya kamata. Mamu ya ja layi a jikin sandar da tsinin allura. Zai fita a sake masa ɗaurin yatsa. Daga bakin ƙofa ya ce, "Ka buɗe tagar gaba da layin nan. Gaba, ka ji? Faɗinta kamar ƙwayar shinkafa biyu."

Na buɗe ta gaba da layi. Na goge bakinta har tana ɗaukar ido. Kafin ya dawo na haɗa injin, na juya shi da yatsa, ya ce "fuf" kamar an buɗe kwalba. Mamu ya juya shi kusa da kunnensa, ya sake juyawa. Ya gyaɗa kai sau ɗaya. A wurin Mamu wannan kirari ne.

Lahadi, 12 ga Agusta

Ranar gwaji. Ba na son rubutawa amma bari in rubuta.

Mutane sun taru, har da masu sayar da mobi, abin sha mai ƙanƙara. Kawu Cumberbatch ya zo da hularsa ta jirgi. "Sattaur, ka shafa wa sanƙon mai? Tawa ta ƙara nauyi bana."

Aka ɗaure Zanzaro. Mamu ya tura ta da sanda yana gudu a bayanta. Shiru. Ya sake. Tari ɗaya, shiru. Ya yi ta yi har rigarsa ta jiƙe. Ya ce in dawo da ita wurin farawa. Na ja ta da baya da sauri don haushi.

Ta tashi.

Ta ƙwace daga hannuna, da gindi, tana kuka kamar an taɓa gidan zanzaro na gaske. Zagaye take, wutsiya a gaba, hanci a baya, gudu kuma ba na wasa ba. Fili ya kece da dariya. Wata mata ta zubar da mobinta. Kawu Cumberbatch ya zauna a ƙasa yana riƙe ciki yana nuna ni: "Wannan ta fi ta ƙaguwa! Yaro, ka gama da kawunka!"

Kowa ni yake nunawa. Har tafi suka yi mini.

Mamu bai yi tsawa ba. Da ma ya yi. Ya jira mai ya ƙare, ya kwance ta, ya sa a hammata. A gida ya rufe Begum, ya datse kwaɗo, ya sa makulli a aljihu. Na ce, "Mamu, wallahi yadda ka ce na yi." Ya ce, "Ranar ƙaguwa ma wallahi ka ce."

Litinin, 13 ga Agusta

Shanu ba su da hira.

Laraba, 15 ga Agusta

Yara a hanya suna tafiya da baya in sun gan ni, suna ƙugi da baki. Wannan irin abin da ni na ƙirƙiro shi da na yi wata ina alfahari. Abin haushin ke nan. Wasa mafi kyau a tarihin Berbice, an ba ni kyauta, kuma ba nawa ba ne.

Na yi ta juya abin a kai. Ya ce gaba. Na yi gaba. To ina laifin?

Na wuce ta gefen zanen gadon da yamma. Ban ɗaga ba. Gefe ɗaya kawai, don in ga ko an zuba mata mai. Ba a zuba ba.

Alhamis, 16 ga Agusta

Nani!

Tana murza roti a kan tebur, Mamu na shan shayi, ni ina ƙofa ina ture abinci. Ta ce, "Sattaur, ni na raini wannan shaiɗanin. Ka taɓa ganin ya yi tsiya bai riga kowa dariya ba? Kwana nawa yanzu, ko haƙorinsa ka gani?"

Mamu, da ke kiran mahaifiyarsa Amma, ya ce, "Amma, na ce masa gaba da layi. Ya je ya buɗe baya."

Na ce gaba na buɗe. Ya ce baya. Na ce gaba.

Nani ta watsa gari a tebur, ta ja layi da yatsa. "To ku daina cika mini kunne. Kowa ya nuna mini gaban layin nan."

Mamu ya dangwala yatsa a dama. Zorina ma dama, tana taɓe baki wai tambayar 'yan aji ɗaya ce. Ni na dangwala a hagu.

Sai ga wani yatsa mai gari kusa da nawa. Na Nani.

Ta ce, "Ina kuma gaba in ba nan ba? In kana karatu ina kake nufa?"

Mamu ya dubi yatsunsu, ya dubi namu. Ni da Nani makarantar Miyaji, malamin masallaci, kaɗai muka yi, ita ce ma ta hana a kai ni ta mishan. Shi kuwa tun yana yaro yake karanta zanen Turawa. Sai kafaɗunsa suka fara rawa. Ya yi dariya har shayi ya fito masa ta hanci, yana bugun tebur da hannun ciwon, yana cewa wayyo, yana ƙarawa. "Inji mai karatu daga dama! Amma, kin ga abin da kika jawo mini?"

Da ya lafa ya ce ba lokacin fiƙe wata sandar, ga shi injin lafiyarsa ƙalau, juyinsa ne kawai ya saɓa. Nani ta ce, "Kai in ka sa riga gaba a baya, wuyanka kake murɗewa ko rigar? Ku juya mata gangar jiki mana."

Na ci roti har Zorina ta ce a bar wa mutane.

Asabar, 18 ga Agusta

Mun cire gangar jikin, mun juya, na huda sababbin ramukan kusoshi. Inda wutsiya take da, yanzu hanci ne. Mamu ya buɗe kwaɗo da kansa. Bai ce yi haƙuri ba. Ya ce, "Begum ta bushe, wani sakarai bai zuba mata mai ba." Na ce sakaran yana wurin shanu.

Lahadi, 19 ga Agusta

Motocin kowa suna zagaye ta hannu ɗaya. Tamu ta ɗauki ɗaya hannun, hanci a gaba, kamar mai gaskiya.

Kawu Cumberbatch ya cire hula. "Sattaur, motar taka ma wurin Miyaji ta yi karatu?" Ya ce a juya agogon shi ma ya ƙirga da baya. Mamu ya ce, "Yi shiru ka ji karatu, tsohon kwalekwale."

Ta yi gudu. Kai, ta yi gudu! Ba a ganinta, sai wani zobe rawaya da hayaƙi, ƙarar tana shiga haƙori. Na tsaya ina jin sandata a ciki, tana juyawa, tana buɗe taga tana rufewa, ba ta karye ba. Zorina ta ce ina ta ihu. Ban ji ba.

Ta Kawu Cumberbatch ta fi mu da ƙiftawar ido. Mamu ya sake ɗaukar mota a ka, amma bana da rawa ya zaga, yana gaya wa duk wanda ya tsaya, "Ɗan 'yar'uwata ne ya fiƙe, da hannunsa." Shi kuma Kawu ya ja ni gefe, ya sayo mini mobi, ya rage murya: "Irin sandar nan, mai bin dama... za ka yi mini ɗaya? Kar ka gaya wa mai sanƙo."

Na gaya masa tun kafin mu kai gida.

Talata, 21 ga Agusta

Da safe Mamu ya ce in buɗe akwatin wuƙaƙen Begum, akwai abu a ciki nawa. Na buɗe. Makulli ne na biyu, ɗaure da zare. Zaren kuma a hannun ƙaguwa, ƙatuwa, jiƙe sharkaf, tana tafiya a kan wuƙaƙe.

Yana bayan ginshiƙi shi da Nani da Zorina suna jiran in yi tsalle.

Ban san lokacin da na ce, "Haba Mamu! Ruwan gishiri a kan wuƙaƙe? Tsatsa fa! Wane irin wasa ne wannan?" ba.

Suka dubi juna. Sannan suka fashe da dariya, har Nani ta nemi kujera. Ni ban ga abin dariya ba. Na kai ƙaguwar magudana, na dawo na goge wuƙaƙen ɗaya bayan ɗaya, na shafa musu mai. Ba wai na canza ba ne. Gobe ma zan iya sa wa Zorina kwaɗo mai rai a jaka. In na sami lokaci, don akwai fistin da zan fara.

Mamu ya ce duk wanda ya yi inji yakan sa sunansa a ƙasan mota. Ya miƙo mini allura. Na yi niyyar in rubuta Babban Injiniya, wurin ya yi kaɗan.

To, ai shi ke nan. Babu wani Babban Injiniya, jirgi bai taɓa yi wa kowa hon ba. Ni ne dai, Wazir, jikan Nani, mai sharar ƙarƙashin gida. Haka na rubuta a cikin Zanzaro, ƙanana, daga dama zuwa hagu.

Mamu ya duba ya ce na fara daga baya. Na ce gaba ne.