Ranar da Malamina Ya Cire Tabarau

Baba,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya ƙafar Inna?

Albishirinka. Shekara uku ina cewa iskar gas tana gangarowa ta wata doguwar sanda da ta ratsa wani dandazon taurari, ta taru a tsakiya, a nan sababbin taurari ke fitowa. Malamina ya ce lissafina ne ya karkace. Jiya hotunan na'urar hangen nesa suka iso ofis. Ya daɗe yana kallo, ya cire tabarau, ya ce, "Ke ce da gaskiya."

Na ɗan rame, sanyi ne kawai. Kada Inna ta ji.

A gaya wa Kawu, mai cewa ƙirga taurari na tafi yi: ƙirgar ta yi albarka.

A ci gaba da yi mini addu'a.

'Yarka,
Auta