Layin da Aka Tsallake

Zuwa ga Ummata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya. Ya ciwon ƙafar? Allah ya sa kina shan maganin, ba tura shi ƙarƙashin filo kike yi ba, don na san halinki.

Umma, albishirinki! An tura mu ɗaliban jinya duba lafiyar yara a wata firamare, kuma Sista, malamarmu, ta naɗa ni shugabar ƙungiya. Ni ɗin nan da kike cewa ko kaza ba zan iya kora ba! Na raba aiki, wasu awon nauyi, wasu haƙora, ni da ƙawata Doguwa muka ɗauki gwajin ido. Allo ne mai haruffa, manya a sama, ƙanana a ƙasa. Don mu gama da wuri sai na ce a jera yaran cikin ajin, kowa ya karanta da ƙarfi. Aiki ya yi ta gudu, kowa idonsa garau, ni kuwa sai hura hanci nake.

Sai ga wata yarinya da 'yan ajinsu ke kira Kunkuru. Dama malaminsu ya raɗa mini cewa ba ta ja, ko rubutun allo ba ta kwafa, har babanta ya ce ƙarshen zangon nan zai cire ta daga makaranta. Ta fara karantawa tiryan-tiryan. Doguwa ta yi kuskure ta tsallake layi ɗaya da sandarta, amma yarinyar sai ta karanto wanda aka tsallake. Wallahi ba gani take ba, haddacewa ta yi daga bakin na gabanta.

Ban faɗa wa Sista ba tukuna. In na faɗa, aikinmu na ido duka ya rushe. In na yi shiru kuma, yarinya ta tafi da sunan mai lafiyar ido, a cire ta. Ki sa ni a addu'a. Ki gaida Baba da Yaya.

Taki,
Auta

Ummata,

Sallama da gaisuwa. Ya gida, ya jikin?

Na faɗa. Sista ta dube ni ta ce wanda ya jera layin shi zai warware shi, ta juya abinta. 'Yan ƙungiya kam sun sha kunu, Doguwa ta wuni tana fushi da ni, sai da yamma ta ture mini rabin burodinta tana harara.

Mun sake gwajin daga farko. Yaro ɗaya ke shiga, a rufe ƙofa, a nuna masa haruffa a hargitse. Mun samu wasu ma masu matsalar ido da muka wuce su a karon farko. Da aka zo kan Kunkuru, ko babban harafin sama ba ta iya faɗa ba. Ta hau roƙona kada in gaya wa babanta ta sake faɗuwa jarrabawa. Umma, sai da na juya baya na share ido. Na durƙusa na ce mata wannan ba jarrabawa ba ce, kuma wadda ta haddace allo guda da kunne kawai, ai ba a kiranta daƙiƙiya.

Na je wurin baban da kaina, mai gyaran keke ne. Ya saurare ni hannunsa na cikin bahon ruwa yana neman hujin taya. Ba mugu ba ne, ya gaji ne kawai. Ya yarda a kai ta wurin likitan ido, amma maganar makaranta ya ce sai ya gani.

'Yarki,
Auta

Ummata abin ƙaunata,

Ina gaishe ki, ina gaida kowa. Yaya ya ce ƙafar ta yi sauƙi, alhamdulillahi.

Tabarau ɗin da likita ya rubuta wa Kunkuru ya iso. Jiya da safe na kai shi makarantar, iyayen suka rako ta. Na sa mata a bakin aji, ta tsaya ƙiƙam tana ƙifta ido, ta dubi allo, ta karanta abin da malam ya rubuta a hankali. Baban kuwa ya tambayi malam ranar da za a dawo daga hutu.

Da za su tafi, mahaifiyar ta waiwayo daga bakin get ta ɗaga hannu. Yarinyar ta zabura, ita ma ta ɗaga nata, har da tsalle. Sai kawai matar ta zauna a ƙasa ta fashe da kuka. Na ruga wurinta a tsorace. Ta riƙe hannuna ta ce tun ranar da ta sa yarinyar nan a makaranta kullum sai ta ɗaga mata hannu daga nan, ba ta taɓa mayar mata ba, har ta haƙura ta ɗauka 'yarta ba ta damu da ita ba ne.

Umma, ina kewarki ƙwarai. Allah ya bar mana ke.

Taki har kullum,
Auta